Gigin Tsufa Ba Maita Ba Ne

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wani zalunci da ake yi wa iyayenmu mata a ƙasar Haɗejiya, mu kuwa da ake kira 'yan boko mun yi gum. Tsoho in ya ruɗe har ya manta sunan jikansa, sai a ce gigin tsufa ne, a shimfiɗa masa tabarma a zaure. Tsohuwa kuwa in ta fita da tsakar dare tana sambatu, aka tsinto ta a bakin fadama wajen Guri ko Kirikasamma, sai raɗa ta tashi: wai mayya ce, kurwar da ta ci ke tona mata asiri.

Ƙarya ne! Cuta ce ta ƙwaƙwalwa. Likitan Jamus Alois Alzheimer ne ya bayyana ta a 1906, majinyaciyar tasa ma mace ce. A 1993 masana a Jami'ar Duke ta Amurka suka gano cewa wata ƙwayar gado mai suna APOE4 tana ƙara haɗarin kamuwa. Wani babban nazari na 2017 ya nuna cewa tsakanin shekara 65 da 75, macen da ta gaji ƙwayar daga mahaifi ɗaya ta fi namiji mai irin wannan gado shiga haɗari. A Amurka kusan kashi biyu cikin uku na masu cutar mata ne. Ashe wadda gado ya fi nauyaya wa ita muke jifa da mugun suna.

To, amma kada wani ya kwaso lissafin Amurka ya jibga wa Haɗejawa. Binciken da aka fara a Ibadan da Indiyanafolis a 1992 ya tarar ƙwayar ba ta da ƙarfi a jikin Yarbawa kamar yadda take a jikin baƙaƙen Amurka. Saboda haka sai mun yi namu awon, a kan Hausawa da Fulani da Badawa da Mangawa, maza daban, mata daban.

Jami'ar Tarayya ta Dutse na nan tun 2011, ta Sule Lamido kuma ga ta a Kafin Hausa, a bakin ƙofa. Masananmu su sauko ƙauye. Kuma in sun zo, kada su tambayi matar da ba ta taɓa shiga aji ba kwanan watan Bature, su ce ta ruɗe. Su tambaye ta ranar kasuwa, da sunayen 'ya'yanta, da ko an yi sallar la'asar.