Ɗalibin Da Ya Sauya Jami'a Ya Nemi Jagora Tun Da Wuri

Tun da jirgin ƙasa ya haɗa Kano da Ikko a shekarar 1912, mutumin Arewa in ya sauka a tashar Iddo, abin da yake fara nema shi ne mai masauki wanda ya san gari. Da haka iyaye da kakanni suka kafu a Agege da Idi-Araba da Obalende. Wannan hikima ita ce ta kamaci 'ya'yansu ɗalibai a yau.

Sau da yawa sauyin wurin aiki, ko aure, ko tsadar zirga-zirga kan sa ɗalibi ya baro Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko ta Bayero ta Kano, ya dawo Jami'ar Legas da ke Akoka ko ta Jiha da ke Ojo. To, samun takardar shiga ba shi ne ƙarshen magana ba. Kowace jami'a da nata tsarin darussa, kuma ba lalle ne kwas ɗin da ɗalibi ya ci a can a karɓe shi a nan ba. Wanda ya yi rajista da ka, yana iya kai wa ajin ƙarshe sannan a shaida masa cewa akwai wani kwas na dole da bai yi ba. Shekara guda ke nan ta salwanta, da kuɗin makaranta da na mota waɗanda uba ya tara da gumin goshi. Ga shi kuma wanda ya haura shekara 30 kafin ya gama ba a ɗaukarsa aikin bautar ƙasa.

Saboda haka wajibi ne, tun makon farko, ɗalibi ya tafi wurin malamin da sashensa ya ɗora wa duba rajistar 'yan ajinsu, riƙe da takardar sakamakonsa ta tsohuwar jami'a. Ya tambayi abu uku: wane aji aka sa shi, waɗanne darussa aka karɓa, waɗanne kuma suka rage. Ya roƙi amsar a rubuce da sa hannun shugaban sashe, domin maganar baki ba ta tsayawa gaban majalisar malaman jami'a. Ya kuma tabbata hukumar JAMB ta rubuta sunansa a ƙarƙashin sabuwar jami'ar.

Kunya ado ce a gaban manya, amma ba ta da muhalli a wurin neman haƙƙi. Iyaye su bincika ko yaransu sun ga malamin, ƙungiyoyin ɗaliban Arewa kuma su riƙa yi wa sabon zuwa rakiya zuwa ofishinsa. Matambayi dai ba ya ɓata.