Kafin Ka Sayi Tsohuwar Jif, Ka Tambayi Ƙwaƙwalwarta, Ba Dillali Ba

A wajenmu, daga Haɗeja zuwa Kirikasamma, da zarar mutum ya kwashe shinkafa ko alkama ta yi kuɗi, shawarar farko da yake samu ita ce: "Alhaji, ka nemi jif, hanyarmu ba ta ƙaramar mota ba ce." Maganar da ƙamshin gaskiya, wanda ya taɓa bin hanyar Madachi ko Baturiya a watan Agusta ya sani. Sai dai jif ɗin da kuɗin mafi yawanmu ke kaiwa, wato Highlander ta 2001 zuwa 2007, RX300, RAV4 da CR-V, duk sun kusa ko sun haura shekara ashirin. A ganina ana sayen su ne da ido, alhali rabin lafiyarsu a cikin kwamfuta take.

Mu fara da abin da dillali ba zai faɗa ba. Highlander da RX300 ba 'yan gidan Hilux ko Land Cruiser ba ne. A kan ginin Camry aka yi su, aka ɗaga su sama kaɗan. Da yawa daga cikin waɗanda ake kawowa daga Amurka ma tayoyin gaba ne kawai ke ja. Ka leƙa ƙarƙashi, in ba ka ga sandar da ke kai juyi tayoyin baya ba, to a laka ba ta fi Camry da komai ba sai tsayi. Tsayin kuma shi ke yaudarar direba ya faɗa ruwan da mai ƙaramar mota zai tsaya ya jira. Inji na shaƙar ruwa ta bututun iska sau ɗaya, sandar fistin ta lanƙwashe, magana ta ƙare. Ko bai kai haka ba, ruwa na shiga man difiranshiyal da boris na tayoyi, ya yi shiru da bakinsa, sai bayan damina ka fara jin kuka.

Kowace kuma da cutarta ta gado, wadda masu mota a duniya suka daɗe da sani. Injin V6 mai lita 3.0 na RX300 da Highlander ta farko ya yi suna wajen daskarar da baƙin mai in ana jinkirin juye. Shi da ƙaninsa mai lita 3.3 da bel suke aiki ba sarƙa ba, kuma ana so a canza shi wajen kilomita 145,000. Wa ya san ranar da mai ita na farko ya canza? Pathfinder da Xterra na 2005 zuwa 2010 lagiretonsu kan fashe ta ciki, ruwa ya gauraya da man giya. CR-V ta 2002 zuwa 2006 kwamfuresar AC ce matsalarta, kuma kun san zafin Afrilu a Haɗeja.

Wadda ta fi jan hankalina a matsayina na mai rubuta manhaja ita ce RAV4 ta 2001 zuwa 2003 mai giya otomatik. Motar kan fara fizga in za ta canza giya, kowa ya ce giyabos ne. Alhali sau da yawa laifin na ƙwaƙwalwar motar ne, wadda bakanikai ke kira birenbos. Ita ke aika umarnin da bai dace ba, har ta cinye giyar. Ka sayo wani giyabos a Ƙofar Ruwa ka ɗaura, ita ma ta cinye shi, tunda ba a taɓa tushen ba. Mu a harkar manhaja mun san irin wannan sarai: kuskure yana wuri ɗaya, alamarsa na fitowa a wani wurin.

Shi ya sa nake ganin sayen tsohuwar jif ba tare da an jona mata sikana ba ganganci ne. Tun 1996 duk motar da aka sayar a Amurka dole tana da kafar OBD2, galibi a ƙarƙashin sitiyari. Akwai 'yar na'ura mai suna ELM327, kamar kwalin ashana, da ke haɗuwa da waya ta Bluetooth. Sai ka sauke Torque ko Car Scanner. Kuɗinta bai kai na cika tanki sau ɗaya ba. In ka ga P0420, ana maganar tukunyar tace hayaƙi ce, wadda ake kira indomi, wataƙila ma an fasa an sayar. P0300 inji na tsallake wuta. P0171 iska ta fi mai yawa, kuma a ƙasar ƙura irin tamu sau da yawa datti ne a kan na'urar auna iska. P0128 kuwa yana nuni da tamostat, abin da bakanikanmu ke cirewa su jona fanka kai-tsaye wai don "zafin Najeriya". Injin da bai kai zafin aikinsa ba, kwamfuta za ta yi ta ƙara masa mai, kai kuma kana biya a gidan mai.

Dillali mai wayo zai goge lambobin kafin ka iso. To kada ka tsaya a "babu matsala". A cikin manhajar akwai shafin gwaje-gwajen da motar ke yi wa kanta. In an goge ba da daɗewa ba, yawancinsu za su nuna ba a kammala ba, sai an yi tafiya mai ɗan tsawo suke dawowa. Sannan ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba: fitilar inji dole ta kama. In ba ta kama ba, ana iya zargin an cire ƙwan. Amma a faɗi gaskiya, wannan ƙaramar na'ura inji ta fi gani. Ba ta jin ƙarar shokazoba, ba ta ganin tsatsa ko robar da ta yage. Nan aikin bakanike ne, naka, ba na mai mota ba.

Sai lambar VIN mai alamomi 17. Yawancin motocin nan daga gwanjon Amurka suke, irin su Copart, kuma bayan guguwa irin Harvey ta 2017 an yi gwanjon ɗimbin motocin da ruwa ya shanye. Ka rubuta lambar a Google, wani lokacin hotunan gwanjon za su fito maka. Haka nan gida, bayan ambaliyar 2022 wace mota ce ba a wanke an fesa mata turare ba? Ɗaga kafet, ka ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka duba shaidar laka. Wayoyin da suka sha ruwa sukan yi watanni kafin su fara hauka.

Yanzu lissafi. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, V6 ta zama wani iyali na biyu. Irin waɗannan suna shan wajen lita 12 zuwa 13 a kilomita 100, Corolla kuwa wajen 8. Haɗeja zuwa Kano da dawowa kusan kilomita 400 ne, bambancin ya kai lita 20. Mu ɗauka lita naira 900 ce, 18,000 ke nan a tafiya ɗaya. Ba a zo kan manyan tayoyi huɗu ba, ko kayan gyaran da farashinsu ke bin dala. Kuma kayan da babu a Haɗeja sai an aika Kano, motar na kwance kwana biyu ko uku, lokacin da kake buƙatarta a gona.

In yawancin tafiyarka a kwalta ce, Haɗeja, Dutse, Kano, ƙaramar mota mai lafiya da babur mai ƙarfi don shiga fadama sun fi maka jif mai shekara ashirin, kuma za ka rage canjin taki. In kuwa aikinka dole sai mai tsayi, nemi mai silinda huɗu wadda ka tabbatar tayoyinta huɗu na ja, ka ware kuɗin bel, baƙin mai, man giya da tamostat tun kafin ka taya. Mai motar da ya hana ka jona sikana kuma, ka yi masa sallama ka duba ta gaba.