Wa Ya Koma Ƙane a Takarda

A gidan baffana akwai wa da ƙane da takarda ta juya wa matsayi. Inna ta haifi babban a 1984, ƙaramin kuma bayan shekara uku. Amma a katin ɗan ƙasa babban haihuwar 1989 ne, ƙaramin yana nan a 1987 ɗinsa. Ranar da aka karanta wa Inna wannan lissafi, ta daɗe tana kallon ɗan nata, sannan ta ce, "To ni wa na fara goyawa?" Aka kwashe da dariya a tsakar gida. Ni abin ya tsaya mini a rai har yau, domin mutum ne mai sallah da gaskiya ya je kotu ya yi rantsuwa cewa shekara biyar na rayuwarsa ba su faru ba.

Na san abin da ya kai shi. Ya sha jiran gurbin jami'a, ya shiga, yajin aikin malamai na 2009 da na 2013 suka ci masa watanni, ya fito yana dab da talatin. Dokar bautar ƙasa ta ce wanda ya haura talatin lokacin kammala digiri takardar yafewa za a ba shi, ba kaki ba. Tallan aikin banki kuwa yakan ce kada mai nema ya wuce 26 ko 27. Ƙannensa sun fi shi shan wuya: yajin aikin 2020 ya kai wata tara, na 2022 wata takwas. Ƙasa ta cinye wa yaro shekarunsa, sannan ta tsaya a bakin ƙofa tana tambayarsa me ya sa ya tsufa.

Sai dai ba doka kaɗai nake tuhuma ba. Ƙarƙashin dokar akwai wani ra'ayi da ya shige mu har ya zama jiki: wai zaƙin rayuwa yana tsakanin ashirin da talatin, abin da ya biyo baya gangara ce. Da baki muna cewa babba babba ne, muna durƙusa wa tsofaffi, muna cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A aikace kuwa kowa gudun girman yake yi. Ka zauna a shagon aski ranar Juma'a da safe ka gani. Magidanci mai 'ya'ya bakwai ya miƙa wuya, mai aski ya dama baƙin rini a murfin gwangwani, yana bin gemu da tsohon buroshin haƙori, kamar furfura wata cuta ce da ake kunyar a gani a masallaci. Alhali addininmu ma ya hana cire ta, ya ɗauke ta haske ga mai ita.

Wannan ra'ayi ƙarya ne, kuma ina faɗa ne a matsayin wanda ya ratsa shekarun da ake yabo. Ɗan ashirin da biyar yana da ƙarfi, yana da kyan jiki, amma a ƙasar nan yawanci ba shi da aiki, ba shi da ɗakin kansa, ba shi da ta cewa ko a gidansu. Hankalinsa a tashe yake, kowane abokinsa da ya sayi mota ƙaya ce a zuciyarsa. Masu kewar wannan lokaci sun manta da zafinsa ne, suna tuna gwiwarsu da ba ta ciwo.

In za a tambaye ni shekarun da suka fi daraja, zan ce daga arba'in zuwa sama. A arba'in ne aka aiko Annabi (SAW), kuma Alƙur'ani ya ambaci arba'in a Suratul Ahƙaf a matsayin lokacin cikar ƙarfi da hankali. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo an haife shi a 1754. Lokacin hijirarsa zuwa Gudu a 1804 yana bakin hamsin, bayan ya shafe wajen shekara talatin yana karantarwa da wa'azi a ƙasar Gobir, Zamfara da Kabi. 'Yarsa Nana Asma'u ta haura arba'in kafin tsarin 'yan taru na karantar da mata ya kafu, kuma malamai mata (jaji) da take tura wa matan ƙauye dattijai ne, domin su ake saurare. Da za a auna waɗannan mutane da ma'aunin tallan aiki na yau, da tuni an ce an daina yayinsu.

Mata ne suka fi shan wannan zalunci. Yarinya ta kai ashirin da biyar ba aure, sai a fara raɗa cewa ta yi kwantai, kamar tumatir a kasuwar 'Yankaba. Mace ta kai arba'in, lokacin da ta san kan gida, ta san kan sana'a, ta san yadda ake kashe wutar rigima tsakanin dangi, sai a mayar da ita gefe a ce ta kwana biyu. Amma in haihuwa ta zo da gardama cikin dare, ko aure ya ɗauko hanyar mutuwa, ƙofar wannan da ta kwana biyun ake bugawa.

Za a ce mini ai tsofaffi ne suka kashe ƙasa, sun kankane kujeru sun hana matasa. Akwai gaskiya a ciki. Paul Biya na Kamaru, haihuwar 1933, yana kan mulki tun 1982, a ƙasar da yawancin mutanenta ba a haife su ba lokacin da ya hau. Kuma na yi murna da dokar 2018 da ta rage shekarun takarar shugaban Nijeriya daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai daga 30 zuwa 25. Amma tsohon da ya ƙi sauka ba tsufa yake girmamawa ba, gudunsa yake yi. Ciwonsa ɗaya da na daraktan da ya goge shekara shida a fayil don kada ritaya ta same shi a 60 ko bayan shekara 35 na aiki. Dukansu sun yarda cewa ranar da aka kira su tsoho, ranar suka zama ba kowa ba. Kuma suna da hujjar tsoro: sun ga 'yan fansho cikin rana a layin tantancewa, da sanda da tsohon fayil a hammata. Al'ummar da ta wulaƙanta tsohonta ita ta koya wa mai hamsin da biyar satar shekaru, shi kuma ya toshe gurbin da ɗan ashirin da takwas yake jira, ɗan ashirin da takwas ya ruga kotu ya koma ashirin da huɗu.

Saboda haka a cire iyakar shekaru daga tallan duk aikin da ba na ƙarfin ƙashi ba ne, a biya ɗan fansho haƙƙinsa a watan da ya ajiye aiki. Mu kuma mu daina tambayar budurwa shekarunta da muryar masu ta'aziyya.

Ɗan baffan nawa ya samu aikin. Ya cika arba'in a 2024, bai gaya wa kowa a ofis ba, domin a can shekararsa talatin da biyar. Inna ce kaɗai ta tuna, ta aika masa da dambun nama.