Masu raina Scratch, ku zo mu yi magana

1/ Duk wanda ya ce a koya wa yaran Jiga Birni Scratch, sai ka ji wani ɗan boko ya taɓe baki: "Wannan ai wasan yara ne, a fara da Python." Haba malam! Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba za ka jefa cikin Python?

2/ Scratch dai ba a bayan gida aka ƙera shi ba. Jami'ar MIT ta Amurka ce ta fitar da shi a 2007, ƙarƙashin Mitchel Resnick, don yara masu shekara 8 zuwa 16. Kyauta ne. Akwai ƙaramin sa, ScratchJr, na 'yan shekara 5 zuwa 7.

3/ Yadda yake: umarni na zuwa ne a tubala masu launi, yaro ya jawo ya jera kamar gini. Tubalin da bai dace da wuri ba, ba zai zauna ba. Ka ga babu kukan an manta waƙafi ko baka. Hankalin yaro na kan tsara tunani kawai.

4/ Misali daga gida. Ƙasar Aliero ƙasar albasa ce. Yarinya ta haɗa manhaja: buhu nawa, kuɗin buhu nawa, a cire kuɗin mota zuwa kasuwa. Idan saura ya gaza abin da aka kashe a gona, magen Scratch ta ce "an faɗi". Ajiye adadi, sharaɗi, lissafi: su ne dai a Python ɗin naka.

5/ Kuma CS50, darasin kwamfuta na jami'ar Harvard da kuke ta yaɗawa a nan, da Scratch yake buɗe makon farko. Harvard ba ta ji kunya ba, sai kai?

6/ Za a ce babu wuta, babu data. Gaskiya ne, matsala ce. Amma Scratch na da manhajar da ake saukewa sau ɗaya, ta yi aiki ba intanet. Akwai Hausa ma a jerin harsunansa. Laftof ɗaya da cajin sola, yara biyar su zagaye shi, darasi ya tashi.

7/ Abin da ya kamata ya ba mu haushi shi ne darasin kwamfuta a allo. A zana kibod da alli, a haddace ma'anar CPU, a ci jarrabawa. Alhali tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya. Yaron ƙauye ya fara taɓa kwamfuta a ranar da za a yanke makomarsa, adalci kenan?

8/ Na yarda, Scratch ba zai ba kowa aiki ba, kuma dole wata rana a wuce shi. To amma wa ya taɓa fara karatun allo da Ishiriniya? Da babbaƙu ake farawa.

9/ Tun 2006 akwai jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, ƙaramar hukuma ɗaya da Jiga Birni. Mu ɗalibai masu laftof, awa biyu ranar Asabar ba za ta kashe mu ba. A nemi izinin hedimasta da iyaye, kuma kar a bar 'yan mata a baya.

10/ Mai cewa wasa ne, ya zo da laftof ɗinsa ya koyar da Python ɗin mu gani. In ba zai zo ba, ya ba mu hanya.