Kada Mu Bari Durumi da Ɓaure Su Ƙare a Garuruwanmu

Ya kai ɗalibi, ya ku iyaye, ga wani ɗan lissafi. Daga ƙofar gida zuwa makaranta, ko a Gwandu kuke ko a Kalgo, dogon yaro nawa kuke wucewa, durumi kuma nawa? Dogon yaro baƙo ne, asalinsa ƙasar Indiya, kuma ba mu raina inuwarsa ba. Amma durumi da ceɗiya da gamji da ɓaure su ne 'yan gida. A ƙarƙashinsu kakanninmu suka wanke allo, da ganyensu ake ciyar da awaki idan rani ya yi tsanani. Gamji kuwa, har Sardauna Ahmadu Bello aka yi wa kirari da shi. To yau su ne gatarin masu itace da gawayi ke bi ɗaya bayan ɗaya.

Waɗannan huɗu dangi guda ne da ɓauren da Suratut Tin ta ɗauki sunansa, kuma irinsu a duniya ya haura 800. Ka taɓa ganin furen ɓaure? Ba za ka gani ba, don a cikin ɗan yake ɓoye. Ƙananan ƙwarin nan da kake tararwa in ka fasa shi, kana tsaki kana yarwa, su ne ke shiga ta wata 'yar ƙofa su kai masa garin fure daga wata bishiyar. Kusan kowane iri da nasa ƙwaron. Ƙwaron kuma kwana ɗaya ko biyu yake yi a waje. In bai sami wata bishiya mai 'ya'ya ba, shi ke nan. Ashe wanda ya sare ɓaure guda ya cuci sauran da ya bari tsaye.

In kana ganin icce ba ya ƙarewa, dubi tsibirin Sokotra na ƙasar Yaman. Akwai wani ɗan uwan ɓaure na nesa can, mai kumburarren gindi, masana na kiransa Dorstenia gigas. Ba ya fitowa da kansa ko'ina a duniya sai nan, kuma galibi a jikin duwatsu masu tsayi ake samunsa, inda akuya ba ta iya kaiwa.

Mu namu bai kai ga haka ba, gyaran ma da sauƙi. Durumi da ceɗiya ba sa bukatar iri. Reshe mai kaurin dantse za a yanka a kafa da farkon damina, a kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Sai dai a nisanta shi da katanga da rijiya, don saiwarsa ba ta da kunya. Shawarata, kowane aji ya kafa guda a harabar makaranta bana, a rubuta sunayen masu ban ruwa na kowane mako a manna a ƙofar aji. Iyaye kuma, in mai gawayi ya zo taya ɓauren gona, ku ce masa ba na sayarwa ba ne.