WAI SUN TAYAR DA DABBAR DA TA ƘARE?

A watan Afrilun 2025 wani kamfanin Amurka mai suna Colossal Biosciences ya cika duniya da shelar wai ya dawo da wani irin ƙaton kyarkeci da ya ƙare a bayan ƙasa fiye da shekara 10,000 da suka wuce. Kafafen watsa labarai suka yi ta yayatawa, har wasu matasa na tambayar ko Bature ya fara tayar da matattu ne. To 'yan'uwa, a tsaya a bi zancen daki-daki.

Ba daga busasshen ƙashi ake kwafar halitta ba. Tunkiyar nan Dolly da aka haifa a Sikotlan a 1996, daga rayayyar ƙwayar jikin wata tunkiya aka samo ta, aka sa a ƙwan wata, wata kuma ta ɗauki cikin. Sai da aka gwada sau 277 kafin a dace da guda. A 2003 an kwafi wata akuyar dutse ta Sifaniya da jinsinta ya ƙare a 2000, daga ƙwayoyin da aka daskarar tun tana raye. Duk da haka jaririyar ba ta wuce 'yan mintuna ba ta mutu.

Shi kuwa sinadarin gado da ake kira DNA, dabba na mutuwa yake fara gutsuttsurewa. Mafi tsufan da aka iya karantawa shi ne wanda aka sanar a 2022 daga ƙasar ƙanƙara ta Girinlan, mai shekara miliyan 2, shi ma gutsattsari ne. Ina ga dabbobin dainoso da suka ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce? Ashe fim ɗin Jurassic Park na 1993 tatsuniya ce kawai.

To me kamfanin ya yi? Ya karanta gutsattsarin da ya samu a tsohon haƙori da ƙoƙon kai, ya yi gyara 20 a sinadarin gadon kyarkecin yau, karnuka suka ɗauki cikin. Kyarkecin zamani ne aka yi wa kwaskwarima. Kama da wane kuwa ba ta wane.

Ba muna raina ilimin ba ne. Da shi Svante Pääbo ya karanta gadon mutanen dā na Niyandatal, har ya ci kyautar Nobel a 2022. Abin tsoron shi ne a sa wa mutane a rai cewa duk halittar da aka ƙarar ana iya dawo da ita, don mahukunta da 'yan jari-hujja su ci gaba da ɓarna hankali kwance. Namijin ƙarshe na farar karkandar arewa ya mutu a Kenya a 2018, mata biyu kacal suka rage.

Saboda haka matasa, ku nemi ilimin nan da gaske, ku riƙa tantance labari kafin ku yaɗa shi. Allah Ya sa mu gane.