Tsuntsu Ya Ja Ruwa, Ruwa Ya Doki Wani

Zuwa ga Edita,

 Ga ni kuma a filin nan da ka saba ba ni, amma yau ƙarar kaina na kawo. Gama an ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. To, ni nawa zan fara dubawa.

Wata rana bayan azahar ina zaune a ofis, sai wata dattijuwa ta shigo da takardu ƙunshe cikin leda. Mijinta ya rasu, tana neman haƙƙinsa na aiki, aka ce ni zan buga mata takardar da za ta kai Dutse. Lokacin tashi ya gabato, ga mutane tsaye a ƙofa. Na dubi fayil sau ɗaya, na buga sunan mamacin da ka, yadda na saba jin ana kiransa a gari, ban gwada shi da abin da ke cikin takardar ɗaukarsa aiki ba. Harafi biyu kaɗai suka saɓa. Na buga hatimi, na miƙa mata, har ta sa mini albarka.

Bayan kamar wata biyu sai ga ta ta komo. Ashe sau uku tana zuwa Dutse. Zuwan fari aka ce suna bai dace ba. Na biyu aka ce ta kawo takardar rantsuwa daga kotu. Na uku aka ce ta koma inda aka buga takardar tun asali, watau wurina. Kuɗin mota ya ƙare, har ta sayar da akuyarta. Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Ɗana, ko dai ni ce ban iya faɗin sunan ba?" Na ce, "A'a, Iya, laifina ne." Gyaran bai ɗauke ni minti biyar ba, amma akuya ta riga ta tafi.

Tun daga ran nan nake tunanin karin maganar nan da ke cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A sha'anin sakaci ba haka abin yake ba. Mai sakaci yakan kwana a bushe, wani can da bai ji ba bai gani ba shi ruwa ke doka. Don haka ne sakaci ke da wuyar bari, gama mai yinsa ba ya jin zafinsa.

Ya ku 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta, ku lura zamani ya sake. A zamanin En'e, in malamin haraji ya rubuta Mamman a maimakon Muhammadu, dagaci ya san wanda ake nufi, mai unguwa ya san ƙofar gidansa. Yau kuwa kwamfuta ba ta san kowa ba. A 2014 Babban Bankin Nijeriya ya kawo lambar BVN. Daga 2021 kuma yaro ba ya rajistar jarrabawar JAMB sai da lambar shaidar ɗan ƙasa. Muhammadu da Muhammad da Mohammed da Mamman, a wurinmu mutum ɗaya ne, a wurin na'ura mutum huɗu ne. Garinmu kuwa yanzu garin ɗalibai ne, tun da aka kafa jami'ar jiha a nan Kafin Hausa a 2013, wadda ake kira Jami'ar Sule Lamido. Malamin firamare da ya rubuta sunan yaro ko shekarar haihuwarsa yadda ya ga dama cikin rajista, ya haƙa masa ramin da ba zai faɗa ba sai bayan shekara goma sha biyu, ran da ya zo ƙofar jami'a.

Haka kuma rubutun Hausa kanta. Tun cikin shekarun 1930 aka tsayar da haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, domin a raba baki da baƙi, a raba kafa da ƙafa. Amma dubi allunan kanti da takardun gayyata na yanzu. Wanda ya rubuta fada yana nufin faɗa bai bambanta gidan sarki da filin dambe ba. In da Turanci ne ya yi kure irin wannan, da kunya ta kama shi; da yake harshen uwarsa ne sai ya ce ai za a gane.

Wannan "ai za a gane" ita ce ke fita daga ofis ta bi titi, ta zama "ai ruwa zai tafi da shi." Mutum ya share ƙofar kantinsa, ya tura shara da leda cikin lambatu, ya wanke hannu. Wani ya sauke yashin gini a bakin kwalbati, ya gama gini ya bar saura. Ba wanda ya manta da damina ta 2022, sa'ad da ambaliya ta ci gidaje da gonaki a Jigawa, ƙasar Kafin Hausa tana cikin waɗanda suka ji jiki. Ban ce shara ce ta kawo ruwan ba, ruwa na Allah ne, ƙasar Haɗeja kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, ga fadamu. Amma ruwan da ya tarar da hanyarsa a toshe, gidan wa zai shiga? Ba gidan siminti na kan tudu ba, sai ɗakin ƙasa na wanda ke gangare. Dattawa suna ba da labarin duba-gari, wanda kan shiga gida ya leƙa randa da kwata. Ya kamata mutanen da suka yi karatu su jira sai an leƙa musu?

Malaminmu na makarantar Mishan yakan hana mu miƙa takarda sai mun karanta ta sau biyu, na biyun da ƙarfi, yatsa yana bin layi. Muna yara mukan ɗauka mugunta ce. Sai da Iya ta sayar da akuyarta na gane hikimarsa. Saboda haka ga abin da na ɗaukar wa kaina, ina kuma roƙon abokan aiki su gwada. Kada in buga suna ko lamba da ka, sai daga takardar asali. In na gama, in karanta wa mai ita ta ji da kunnenta, ko da layi ya kai bakin titi. In kuwa kure ya fito daga hannuna, ni zan bi shi da waya ko da wasiƙa, ba talaka zai biya kuɗin mota ba.

Iya ta sami haƙƙinta daga baya. Na so in biya ta kuɗin akuya, ta ƙi, ta ce in dai riƙa dubawa saboda na baya. Saƙonta ke nan na isar. Allah ya sa mu gyara, amin. Haza wasalam.

Naku,
Akawu,
Kafin Hausa.